Aikin da Ba a Gani a Bayan Kowane Sauyi

Duk lokacin da aka yi maganar sauyi a cikin al'umma, hankalin mutane yakan tafi ne ga rana ɗaya da mutum ɗaya, wato ranar da dubban jama'a suka cika titi, da mutumin da ya hau mumbari ya yi jawabin da ya shiga tarihi. Na daɗe ina ganin wannan fahimta tana cutar da mu, domin tana sa matasa masu kishi su zaci da zarar an tara jama'a an ɗaga murya aiki ya ƙare, idan kuma mako biyu suka wuce ba a ga sakamako ba, sai gwiwa ta yi sanyi, a koma zargin mutane da mutuwar zuciya. A ganina, abin da ke sauya al'umma yana faruwa ne tun kafin ranar gangami da kuma bayanta, a hannun waɗanda ke bin gida-gida, suke riƙe littafin kuɗin ƙungiya, suke halartar zama ko da mutum biyar ne suka zo.

Labarin Rosa Parks ya isa misali, domin kusan kowa ya san rabinsa. Ranar 1 ga Disamba, 1955, a birnin Montgomery na jihar Alabama a Amurka, wannan baiwar Allah ta ƙi tashi ta bai wa farar fata kujerarta a motar bas, aka kama ta. Yadda aka saba ba da labarin, sai mutum ya ɗauka wata mata ce da gajiya ta kama, ta yi gardama, gari ya ɗauka. Gaskiyar ita ce, tun 1943 take sakatariyar reshen ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata a garin, ta shafe shekaru tana tattara bayanan zaluncin da ake yi wa mutanenta, kuma jama'a sun san ta, sun yarda da halinta. Watanni tara kafin kamun nata, an kama wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Claudette Colvin a kan laifi iri ɗaya, amma gari bai tashi ba. Akwai kuma wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, shugabar wata ƙungiyar mata, wadda tun a 1954 ta rubuta wa magajin gari takarda tana gargaɗinsa cewa za a iya ƙaurace wa motocin idan ba a daina wulaƙanta fasinjoji ba. A daren da aka kama Rosa, wannan malama ta kwana tana buga dubun-dubatar takardun sanarwa masu kiran jama'a su ƙaurace wa motocin ranar 5 ga Disamba, washegari matan ƙungiyarta da ɗalibai suka rarraba su a makarantu da shaguna da majami'u. Ba don an riga an san wanda zai kai takarda kowace unguwa ba, da ranar 5 ga Disamba ta zo ta wuce motoci a cike kamar kullum.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ma shi ne yadda aka riƙe ƙauracewar har kwana 381. Mutanen nan talakawa ne, masu aikatau da leburori, dole kowace safiya su isa wurin aiki. Sai aka tsara motocin sa-kai kusan 300, aka keɓe wuraren ɗauka da saukewa, aka nemo kuɗin mai da na gyara daga taron majami'u na mako-mako. Wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ta haɗa mata suna girki suna sayarwa suna zuba ribar a asusun gwagwarmayar. Da yawa kuma suka zaɓi takawa a ƙasa, cikin sanyi da ruwan sama, fiye da shekara guda. Martin Luther King, wanda duniya ta fi sani, yana da shekara 26 a lokacin, kuma bai daɗe da zuwa garin ba. Ban rage masa komai ba, domin ya yi jagoranci cikin jarumta har aka jefa bam a gidansa a Janairun 1956, amma ya tarar da jama'a a shirye ne, wasu suka yi shekaru suna shirya su. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haramcin wariya a motocin a Nuwamba 1956, aka janye ƙauracewar a Disamba.

Sai a kwatanta wannan da abin da ya faru a Masar. Daga 25 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu, 2011, cikin kwana 18 kacal, matasan da suka kira juna ta intanet suka cika dandalin Tahrir har Hosni Mubarak ya sauka bayan kusan shekara 30 a kan mulki. Jarumtarsu ba ta da musu. Amma da aka zo zaɓe, waɗanda suka yi nasara su ne 'Yan'uwa Musulmi, ƙungiyar da aka kafa tun 1928, mai rassa da asibitoci da makarantu a lunguna, kuma a Yulin 2013 sojoji, waɗanda su ma tsarinsu ya daɗe da kafuwa, suka karɓe mulki. Matasan dandalin sun iya tara miliyoyi cikin kwanaki, amma ba su da wakili a kowace mazaɓa, ba su da shugabancin da aka yarda ya yi magana da yawunsu. Kafafen sada zumunta suna gaggauta kira, wannan gaskiya ne, ni ma da su nake isar da wannan rubutu. Abin da ba sa iya samarwa shi ne amanar da ke shiga tsakanin mutanen da suka yi shekaru suna aiki tare, suka ga juna a lokacin wuya, suka san wanda za a ba ajiyar kuɗi a kwana da ido rufe.

Ba kuma kowace fafutuka ce ke buƙatar titi ba. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, inda ɗaruruwan dubban talakawa suke zaune babu magudanar ƙazanta, wani dattijon masani mai suna Akhtar Hameed Khan ya fara wani aiki a 1980. Bai zo da kuɗin gina magudana ba. Ya zauna da mutane ya saurare su, ya gane cewa unguwar ta yi girman da ba za a haɗa kanta a zama ɗaya ba, amma layi guda mai gidaje 20 zuwa 40 kowa ya san kowa. Sai kowane layi ya zaɓi mutum ɗaya daga cikinsu ya tara kuɗi ya kula da aiki, ma'aikatan shirin su kuma suka ba da awo da zane da aron kayan aiki. Mutanen suka haƙa da hannunsu, suka biya daga aljihunsu, a kan kuɗin da bai kai ko kusa da abin da ɗan kwangila zai caji hukuma ba. Layin da ya ga na maƙwabta ya bushe ya daina wari, shi ma sai ya nemi a zo masa, da haka mafi yawan layukan Orangi suka samu magudana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma hikimar dattijon nan ita ce ya bar yanke shawara da riƙon kuɗi a hannun masu ɗakin.

A nan akwai abin da nake so a lura da shi, domin wasu sukan ɗauki irin wannan labari su kafa hujja cewa jama'a su yi wa kansu komai, gwamnati ta huta. Mutanen Orangi ba su faɗi haka ba. Sun raba aikin ne, na cikin gida da na layi nasu, manyan magudanai da wuraren tace ƙazanta kuma na hukuma, kuma aikin da suka yi da taswirorin da suka zana su ne suka ba su bakin tilasta wa hukuma ta yi nata. Haka ma a Montgomery, takawar ƙafa ita ta girgiza kamfanin motoci da masu mulkin gari, amma hukuncin kotu ne ya mayar da nasarar doka. Fafutukar da ba ta ƙare da doka ko kasafin kuɗi ko wata cibiya mai ɗorewa ba, takan tafi tare da waɗanda suka fara ta.

Wangari Maathai ta Kenya ta bi irin wannan hanya. Ta fara a 1977 da dasa itatuwa bakwai, tana jan matan karkara da abin da ya dame su kai tsaye, wato ƙarancin itacen girki da ƙafewar ruwa da zaizayar gona, ana kuma ba mace ɗan ihsani a kan kowane dashen da ya rayu. Matan da suka koyi ƙirga dashe da rubuta rahoto da zaɓen shugabar rukuninsu su ne daga baya suka fara tambayar wa ya sayar da dajin gwamnati, kuma da goyon bayansu ta tsaya a 1989 ta ƙalubalanci gina dogon bene a lambun Uhuru na Nairobi har aka fasa. A 2004, lokacin da ta zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya, ƙungiyarta ta dasa itatuwa fiye da miliyan 30. A Laberiya kuma, a 2003, mata Musulmi da Kirista sanye da fararen kaya, ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee da takwarorinta, suka bi ɓangarorin yaƙin basasar ƙasar har Accra ta Ghana suka tare ƙofar zauren sulhu, kuma bayan an sa hannu ba su watse ba, suka koma bin kasuwanni suna yi wa mata rajistar zaɓen 2005.

Na zauna a cikin ƙungiyoyin sa-kai fiye da ɗaya, kuma abin da na gani da idona yana kashe su ya fi zama na cikin gida. Shugaba ya riƙe komai a hannunsa, littafin kuɗi ba ya fitowa gaban mambobi, ba a yin zaɓe, ba a koya wa na baya aiki, ranar da shugaban ya gaji ko ya samu muƙami ko aka saye shi, sai a wayi gari babu ƙungiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu son rusa haɗin kan jama'a sun san cewa sayen mutum ɗaya ya fi sauƙi a kan sayen mutum ɗari. Ella Baker, wadda ta shafe shekaru tana kafa rassan NAACP a kudancin Amurka, ta kuma taimaka wa ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu a 1960, ta sha gargaɗi a kan dogaro da gwarzo guda, tana mai cewa mutanen da suka yi ƙarfi ba sa buƙatar shugaba mai ƙarfi. Da wannan ma'auni nake auna duk wanda ya ce shi jagoran al'umma ne. Ina duba ko an ci gaba da zama a watan da ya yi tafiya, ko akwai wanda ya karanta bayanin kuɗi a bainar jama'a, ko mata da matasa suna da kujera a inda ake yanke shawara, da kuma mutum nawa ne suka iya shugabantar taro a yau waɗanda bara ba su iya ba.

Aikin yana da tsada, bai kamata a ɓoye wa matasa wannan ba. Rosa Parks ta rasa aikinta, mijinta ma haka, barazana ta yi yawa har suka bar garin zuwa Detroit a 1957. An doki Wangari Maathai an tsare ta fiye da sau ɗaya. Perween Rahman, wadda ta gaji jagorancin aikin Orangi ta kuma riƙa zana taswirar filayen talakawa domin kada masu ƙwace su haɗiye su, an harbe ta a Maris 2013 a kan hanyarta ta komawa gida daga ofis. Ofishin bai rufe ba bayan rasuwarta, domin ta bar matasan unguwar da ta koya wa awo da zane, kuma su ne suka ci gaba da aikin.