Yawan cc ba shi ne moto mai kyau a cikin gari ba

Abin ya fara isata, duk saurayin da ya tara kuɗin moto na tsere sai ka ji wai a nemi mai cc da yawa (cc shi ne ma'aunin girman inji), shi ne ƙarshe. Ban ce ba su da hujja ba, babban inji ya fi gudu kam.

Amma irin su Yamaha R6 mai cc 600 don filin tsere aka ƙera su, ƙarfin injin ba ya fitowa sosai sai ya juya sama da sau 10,000 a minti, to a nan Damagaram, daga Birni zuwa kasuwar Dole ina za ka samu wannan fili, ga kabu-kabu ga amalanke ga rairayi da zarar ka sauka daga gudron? Tafiya a hankali kuwa inji zafi yake ɗauka ya riƙa gasa maka cinya, balle a watan Afrilu, kuma zaman duƙe ne, wuyan hannu da baya su ke shan wahala.

Yamaha R3 mai cc 321 ko Kawasaki Ninja 400 sun fi sauƙin nauyi da shan esansi, kan su ma ya ɗan fi tashi. Kafin ka biya dai ka tambayi makanikenka ko ana samun kayan gyaransa nan Damagaram, ko sai an aika Kano.