Shugabannin ƙungiyoyinmu sun gaji, kuma ba su yarda da juna ba

Tun da Trump ya dakatar da tallafin Amurka a watan Janairun 2025, daga baya aka rufe USAID, hukumar Amurka da ke raba tallafi ga ƙasashen waje, gaba ɗaya, kalmar da ta fi yawo a bakin masu ƙungiyoyi masu zaman kansu a nan Kano ita ce haɗin gwiwa. A haɗa ƙarfi, a nemi tallafi tare, a daina aiki iri ɗaya a unguwa ɗaya. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma fa mutanen da ake cewa su haɗa kan nan a gajiye suke, kuma kowa na kallon ɗan uwansa da gefen ido.

Ka tsaya ka duba a ina ma suke haɗuwa. A ɗakin taro na otal ne, wani mai ba da tallafi ya kira taron bita, a sa hannu a takarda, a ci abinci, a ɗau hoto gaban kyallen sanarwar taron, a karɓi kuɗin mota a watse. Hajiyar da ke kula da marayu a Kurna da matashin da ke fama da masu shaye-shaye a Ɗorayi za su iya shekara biyar suna zama kujera kusa da kujera, amma babu wanda ya san ƙofar ofishin wani. Gashi kuma kuɗi ɗaya suke nema a wuri ɗaya, to ta yaya za ka faɗa wa mutum dabarar da ke ranka alhali kana tsoron gobe ka ganta a takardar neman tallafinsa?

Gajiyar nan ita ce ba a magana a kanta, kuma wallahi ita ta fi damuna. Shugaban ƙaramar ƙungiya shi ne mai neman albashin ma'aikata, shi ne mai rigima da mai gida kan haya, shi ne mai bin takardun CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi) da na SCUML (sashen hana halasta kuɗin haram), dare ya yi ya zauna rubuta rahoto. Da safe ya fito maƙwabta na jiransa da takardar asibiti don suna ganin dala ce ke shigo masa, wasu kuma a gefe suna cewa ai ɗan aiken Turawa ne. Ba zai iya gaya wa ma'aikatansa cewa asusu ya kusa bushewa ba, kar su gudu. Ba zai gaya wa masu tallafi cewa aikin bai tafi daidai ba, kar su janye. Wanda kaɗai zai fahimci halin da yake ciki shi ne shugaba irinsa, kuma shi ne wanda yake ɓoye wa.

Mu a Kano ai mun san abin da rashin yarda ke jawowa. Gwajin maganin Trovan da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi kan yara lokacin annobar sanƙarau a 1996 ya bar tabo, a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna, sai a 2004 aka dawo. Kuɗi akwai, allura akwai, abin da babu shi ne amana. Sai da sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai suka shigo, da matan da ke shiga gida-gida waɗanda uwar gida ta san su ta san iyayensu, sannan ƙofofi suka buɗe, har a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Shawarata ƙarama ce. Shugabanni kaɗan, kamar takwas ko goma, su riƙa zama duk wata, ba mai tallafi a wurin, ba alawus, ba ɗan jarida. Yau a ofishin wannan, wata mai zuwa a na wancan, in wuri ya yi kaɗan ga irin su Gidan Mambayya a Gwammaja. Kowa ya faɗi abin da ya gagare shi, ba abin da ya yi nasara a kai ba, kuma maganar ta tsaya a ɗakin. A je wa juna suna da ta'aziyya da dubiya. Daga nan sai a gwada ƙaramin abu, a yi tarayya a akawu ɗaya ko mota ɗaya ta zuwa ƙauye, kafin a kai ga miliyoyi. In an kai ga kuɗi kuwa a rubuta kason kowa tun farko, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma rubuta bashi ta yi umarni, don haka rubutu ba zargi ba ne.

Na san wani zai ce wannan zai koma majalisar manya ne kawai, su riƙa raba ayyuka tsakaninsu. Haɗarin gaskiya ne. Maganinsa kowa ya zo da mataimakinsa, a tabbatar mata da matasa na ciki kuma ana sauraronsu. Dama wani ɓangare na gajiyar daga nan yake, wanda ya kafa ƙungiya ya riƙe komai har littafin cak, bai yarda da kowa ba balle ya huta sati biyu.

Akwai kuma kuɗin gida da muka yi sakaci da shi. Attajiran Kantin Kwari da Singa da Dawanau suna fitar da zakka da sadaka duk shekara, sai dai Alhaji ba ya karanta doguwar takarda, tambayarsa ita ce wa ya san mutumin nan. Ranar da shugabanni goma za su iya tsayawa gabansa su ce mun shiga ofishin shugabar wannan ƙungiya, mun ga littafin kuɗinta, mun tsaya mata, zai saurara.