Lakar da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Girinlan

Wani labari da na ci karo da shi kan masu bincike da ke haƙa ƙanƙara a tsibirin Girinlan ya ratsa ni ƙwarai. Abin da na so a ce an faɗaɗa shi ne lakar da aka ciro a Camp Century, wani sansanin sojan Amurka a Girinlan, a 1966, daga ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kusan mita 1,400. Shekara da shekaru tana ajiye a firiza, da aka sake dubawa sai ga ganyaye da ƙirare a ciki. Ke nan wurin ya taɓa narkewa har tsirrai suka fito, kimanin shekaru 400,000 da suka wuce, alhali iskar kabon a lokacin ba ta kai ta yau ba. Wannan kam ya tayar min da hankali. Don Allah gwamnatoci su riƙa tallafa wa masu wannan wahalar.