Aya Sofiya: ana gardamar mai ita, an manta da lissafin da ke riƙe da ita

Tun da Turkiyya ta sanar a Afrilun 2025 cewa za ta yi wa ƙubbar Aya Sofiya, tsohon ginin ibada da ke Istanbul, gagarumin gyara saboda fargabar girgizar ƙasa, mutanenmu a Facebook suka sake tayar da tsohuwar gardama: masallaci ce ko coci? Abin yana ba ni haushi. An yi wannan ce-ce-ku-ce a 2020, lokacin da aka sake mayar da ita masallaci, har an gaji, yanzu kuma ƙubba ce ke neman ɗauki.

Sarkin Rumawa Jastiniyan da ya sa aka gina Aya Sofiya a matsayin coci daga 532 zuwa 537, masana lissafi biyu ya damƙa wa aikin, Antimiyus da Isidor. Sun shata murabba'i mai ƙafa 100 ta awon Rumawa a kowane ɓangare, kimanin mita 31, suka kafa ginshiƙai huɗu a kusurwoyinsa, suka haɗa su da bakuna huɗu. To, ta yaya da'ira za ta zauna a kan murabba'i? Sai suka cike kowace kusurwa da lanƙwasasshen gini mai siffar alwatika, wanda ke karɓar nauyin ƙubba ya sauke shi kan ginshiƙi. Gabas da yamma suka jingina mata rabin ƙubba, kowanne da faɗi ɗaya da uwar. Awo guda ne ke juya zauren kaf.

Kuma lissafin nan ba ya yafiya. Ƙubbar farko ta cika faɗi ba tudu, tana tura bango waje, girgizar ƙasa ta tsattsage ta, ta rufta a 558. Wani maginin daban, Isidor ƙarami, ya ɗaga sabuwar sama da kimanin mita 6 don nauyin ya riƙa gangarowa ƙasa. Duk da haka wani sashenta ya sake faɗuwa a 989 da 1346.

Masu cewa Musulmi ba ruwansa da awon coci, ina ma su karanta tarihin Mimar Sinan. Babban maginin Daular Usmaniyya ne, ya tokare wannan gini da ƙarin garu, ya kuma ɗora masallacin Sulaimaniyya a kan irin tsarinsa: ƙubba a tsakiya, rabi gaba, rabi baya. Ko kaɗan bai ga aibi a koyo daga Kiristocin da suka riga shi da shekara 1,000 ba. Su kuwa masu zaƙulo wasu lambobin asiri a kowane bango, ɓata lokaci kawai suke yi.

Wanda ya damu da Aya Sofiya da gaske, ga abin tambaya: nawa ginshiƙan suka karkata, kuma gyaran zai sauya yadda nauyi ke sauka? Ya kamata hukumomin Turkiyya su fitar da awon da suka ɗauka fili, masana na ko'ina su duba. A 23 ga Afrilun 2025 ma girgiza mai ƙarfin maki 6.2 ta kaɗa Istanbul, ana tsaka da maganar gyaran.