Yaran da suke ɓoye fitila a cikin kwat

Duk wanda ka ambata wa Robert Louis Stevenson, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne littafinsa Treasure Island (Tsibirin Dukiya) na 1883, 'yan fashin teku da taswira da dukiyar da aka binne, shikenan an ajiye shi a layin marubutan yara. Ni kam abin yana damuna wallahi, don kafin ya yi suna da labaran kasada maƙaloli yake rubutawa a mujallu irinsu Cornhill ta Landan, kuma a nan ne za ka ji shi yana magana da bakin kansa.

A Edinburgh ta ƙasar Scotland aka haife shi a 1850, gidan injiniyoyi masu gina hasumiyar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya, mahaifinsa ya so ya gaje su bai gada ba, ya karanta lauya ita ma bai riƙe ta sana'a ba, ga ciwon ƙirji tun yana ƙarami.

Cikin maƙalolinsa wadda ta fi kama ni ita ce The Lantern-Bearers ta 1888. Yana ba da labarin yarintarsa a wani garin masunta a bakin teku, idan dare ya yi kowane yaro sai ya ɗaura 'yar fitilar gwangwani a ƙugu ya rufe ta da kwat ya ɓalle maɓallai ruf, ba ta haska masa hanya, sai ma warin gwangwani mai zafi da ƙona yatsu, wanda ya gamu da shi a duhu bai san komai ba, amma shi yaron murna kamar ta kashe shi don ya san akwai wuta a jikinsa. Daga nan ya juyo kan marubutan da ke cewa su zahiri suke rubutawa, suna zana talaka cikin ƙunci da datti kawai, ya ce sun ga kwat ɗin ba su ga fitilar ba. Gaskiya ina bayansa a nan. Labari nawa muke karantawa a kan talakawa da babu komai ciki sai yunwa da kuka, kamar mutanen ba su da abin da suke jin daɗinsa a ransu?

Inda ake sukarsa shi ne An Apology for Idlers ta 1877, inda ya kare masu zama ba aikin fari ba na baƙi, sai a ce ai da sauƙi wanda mahaifinsa ke aiko masa kuɗi ya yabi hutu. Wannan suka tana da tushe, ban musa ba, mai neman na cefane ba zai saurari wannan huɗuba ba. Amma wanda yake faɗa da shi a ciki shi ne mutumin da aiki ya cinye har idan jirgin ƙasa ya makara awa ɗaya sai ya zauna zugum, bai iya kallon komai ba balle hira. Kuma shi kansa bai san hutu ba, yana kwance yana tarin jini yana rubutu, har ranar da ya rasu a Samoa a 1894 yana da shekara 44 aikin wani littafi yake yi.

Malaman adabi da ke ba ɗalibai labarin tsibirin nan, don Allah ku haɗa musu da maƙalar fitilar, shafuka kaɗan ce, a zama ɗaya za su gama ta.