Ashe dangin ƙwarin kurkunu ne

Kai, wani labari da na ci karo da shi na ƙwarin teku da ake ce ma kopepod ya tuna min da ƙauyenmu can wajen Mirriya a Nijar. Wai milimita 1 ko 2 ne tsawonsu, da dare su hau saman ruwa su ci ƙananan tsirrai, gari na wayewa su nutse ƙasa don kifi kar ya gansu, kuma su ne abincin sardin ɗin nan da muke sa ma burodi. To ai danginsu ne na cikin tabki ke ɗauke da kurkunu! Ina tuna inna tana tace ruwa da ƙyalle a bakin tulu, sai ka ga 'yan abubuwa na tsalle-tsalle a kai. Sai 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da ciwon, alhamdulillahi.