Ina ruwan kamfani da abin da ma'aikaci ke yi a gidansa?

Na gaji da masu yi wa U-Haul tafi. Duk inda aka ɗauko zancen sai ka ji wani ya ce ai sun yi daidai, mashayin taba shi ya jawo wa kansa. Ba su yi daidai ba. Kamfanin da sana'arsa bayar da hayar motocin kwasar kaya ya tashi a watan Fabrairun 2020 ya ce a jihohi 21 na Amurka ya daina ɗaukar mai amfani da nikotin aiki. Me ya sa 21 kaɗai? Domin nan ne doka ta sakar musu mara. A jihohi 29 da birnin Washington akwai dokar da ta hana a ƙi ɗaukar mutum ko a kore shi don yana shan taba bayan ya tashi daga aiki.

Ni ba na shan taba, kuma ba na son warinta. A hana sha a ofis, a hana a cikin motar kamfani, a hana a bakin ƙofa, duk na yarda, domin hayaƙin yana shiga ƙirjin wanda bai ji ba bai gani ba. Amma mutum ya gama aikinsa, ya koma gida, ya zauna a bayan ɗakinsa ya kunna kara ɗaya, ina ruwan mai kamfani? Lokacinsa ka saya na awa takwas. Sauran awa goma sha shida nasa ne.

Kuma ku dubi yadda ake kama mutanen. Fitsari ko yawu ake aunawa a nemi kotinin, abin da nikotin ke komawa a jiki. Gwajin bai san wanda ke zuƙar kwali guda a rana ba, bai san wanda ke tauna cingam ɗin nikotin ko manna filasta a dantse don ya rabu da sigari ba. Duk ɗaya ne a wurinsa. Wato bawan Allah yana fama ya daina, maganin da yake amfani da shi ne zai hana shi aiki. Wannan kaɗai ya isa mai imani ya tsaya ya yi tunani.

Za a ce kuɗin inshorar lafiya ne, masu shan taba sun fi cin kuɗin asibiti. To ai dokar lafiya ta zamanin Obama ta riga ta yarda a ƙara wa mai shan taba har kashi 50 cikin 100 a kan abin da yake biya. Suna da hanyar karɓar kuɗinsu. Idan kuma tsada ce hujja, gobe mai ƙiba ne, jibi mai ciwon suga, gata mai hawan babur. Wa zai rage?

Za a kuma ce kamfanonin taba ne suka tura aka yi waɗannan dokokin kariya a wajajen 1990. Eh, da hannunsu, kuma don aljihunsu suka yi. Sai me? Direban da ke neman abin da zai ciyar da 'ya'yansa ba shi ya zauna da 'yan majalisa ba. A jihar Michigan, inda babu irin wannan doka, kamfanin Weyco ya fito da gwajin taba a 2005, ma'aikata huɗu suka ƙi yarda a auna su, suka rasa aikinsu. Ba a ce sun yi sata ba, ba a ce suna makara ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda wannan tsari ke faɗa wa a kai. A Amurka talaka da mai ƙaramin ilimi su suka fi shan taba, kuma su ne masu neman aikin ɗaukar kaya da tuƙi da shara. Ka hana shi aiki, ka hana shi inshorar da za ta biya masa maganin dainawa, sannan ka ce lafiyarsa kake so. Zaman banza da damuwa ba su taɓa raba kowa da sigari ba. In da gaske ne, a ɗauke shi, a biya masa magani, a ba shi lokaci. Asibitin Cleveland Clinic da ya fara wannan hani tun 2007 da Hukumar Lafiya ta Duniya da ta fara a 2005, su ma ban wanke su ba, girman suna ba ya mayar da zalunci adalci.

Af, masu zafin kai a kan taba a nan gida, akwai aikin da ke jiranku. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ku je teburin mai shayi ko bakin tasha da daddare ku ga ana aiken yaro ɗan firamare ya sayo kara biyu, mai tebur ya miƙa masa har da ashana. Wa ya taɓa jin an kama wani a kan haka?